Tef, madubin likita ko sikanin: wanne za ka biya wa kuɗi kafin ka saki ɗan bijimi cikin garke?

Na'urar sikanin ta shigo harkar shanu ne ta ƙofar duba ciki. Likitan dabbobin da ke da ita yana iya gane saniyar da ta ɗauka tun cikin yana da wata ɗaya, kuma a wannan aikin babu mai ja da ita. To tunda na'ura tana hannu, sai aka fara ɗora ta a kan marainan 'yan bijimai, ana nuna wa mai gona hoto a allo ana ce masa wannan zai yi barbara, wancan ba zai yi ba. Hoto kuwa yana da kwarjini. Mutumin da aka nuna wa cikin marainan sansa a allo yana jin an yi masa aikin zamani, fiye da wanda aka zagaya wa tef aka rubuta lamba a takarda. Tambayar da ke gaban mai shirin biyan kuɗi mai kauri a kan ɗan bijimi, ko mai son zaɓar biyu cikin maruƙa goma ya dandaƙe sauran, ita ce wane awo ne ya cancanci kuɗinsa, kuma da wanne zai fara.

Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan a bayyane yake. Juya ɗaya maraƙi ɗaya take hana ka. Bijimin da maniyyinsa ba shi da kyau kuwa yana iya barin shanu 25 ko 30 ba ciki, kuma yana hawa kullum a gaban idonka, ba za ka farga ba sai shanun sun yi ta dawowa neman barbara bayan kowane mako uku, damina ta wuce. A Amurka da Kanada, inda ake yawan yin wannan awon kafin lokacin barbara, kusan ɗaya cikin bijimai biyar ne ke faɗuwa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe kafin a kwatanta komai. Ƙwayar maniyyin sa tana ɗaukar kwana 61 kafin ta gama ƙeruwa a cikin maraina, sannan ta yi kusan kwana 11 a cikin bututun da ke manne da jikin marainan tana nuna. Wato abin da ya fito yau an fara haɗa shi ne fiye da wata biyu da suka wuce. Sannan marainan ba sa aiki yadda ya kamata sai sun fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 6, shi ya sa aka rataye su a waje. Zazzaɓin mako ɗaya, ko zafin bazara a garken da ba inuwa, ko kirci a fatar jakar marainan, duk suna iya ɓata maniyyi na makonni bayan dabbar ta warke sarai. Kowane awo da za a yi, a kan wannan jadawalin ake karanta shi.

Hannu shi ne awo na farko, kuma kyauta ne. Makiyaya sun daɗe suna yinsa a kara ba tare da an koya musu a aji ba. Ana tsayawa ta baya, a kama jakar a ji ko marainan biyu sun sauko, ko girmansu ɗaya, ko suna zamewa cikin jakar ba su manne da fata ba. Lafiyayye yana da tauri mai dawowa idan an danna. Wanda ya yi laushi tiɓis alama ce ta lalacewa, wanda ya yi tauri ƙiƙam kuma tsohon ciwo ne da ya bar tabo. Sai a shafa ƙasan kowanne a ji ɗan kumburin nan inda maniyyi ke taruwa, a ji ko ya cika. Sa mai marainiya ɗaya, ko wanda ɗaya ba ta wuce rabin girman ɗayar ba, an gama maganarsa tun a nan, domin irin wannan naƙasar tana iya bin jini. Raunin hannu shi ne ba ya ba da lamba, kuma abin da wani ya kira tauri wani laushi zai ce.

Tef shi ne ke ba da lambar. Akwai wanda aka yi musamman don wannan aikin, amma tef ɗin tela ma yana yi idan mai awon ya iya. Yadda ake yi yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke ɗauka: a kama wuyan jakar daga sama, babban yatsa a gefe ɗaya sauran yatsu a ɗaya gefen, a turo marainan ƙasa har fatar ta miƙe ba tamoji, a zagaya tef a inda ya fi faɗi, a ja shi ya kama ba tare da ya nutse ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa babban yatsa a tsakanin marainan, wanda ke raba su ya ƙara santimita ɗaya ko biyu na ƙarya. A auna sau biyu. Idan lambobin suka bambanta a sake.

Wannan ɗan awon yana da nauyin bincike a bayansa fiye da kowanne. Kewayen jakar yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin marainan, nauyin kuma shi ke nuna yawan ƙwayoyin da sa ke iya haɗawa a rana. Yana kuma nuna balaga. Masana suna cewa ɗan bijimi ya balaga ranar da ya fara ba da maniyyi mai ƙwayoyi miliyan 50 da aƙalla kashi 10 cikin ɗari ke motsi, kuma a shanun Turai wannan yana zuwa ne idan kewayen ya kai wajen santimita 28, ko wane iri ne. Ƙari a kan haka girman maraina abin gado ne sosai, kuma a shanun nama an ga cewa 'ya'ya matan bijimi mai manyan maraina suna saurin kai munzalin barbara. Ƙungiyar likitocin haihuwar dabbobi ta Amurka ta kafa ma'auni tun 1993: santimita 30 ga ɗan wata 15 ko ƙasa da haka, 31 zuwa wata 18, 32 zuwa wata 21, 33 zuwa wata 24, sannan 34 ga wanda ya haura shekara biyu.

A nan ne mu masu shanun tozo za mu yi hattara. An ɗora waɗancan lambobin ne a kan irin su Angus da Hereford da suka ci suka ƙoshi tun suna maruƙa, masu balaga kafin su cika shekara. Bunaji, Bokoloji, Rahaji da Azawak ba haka suke ba. Shanun tozo suna jinkirin balaga, ko a gonar da ake ciyar da su da kyau sukan kai shekara ɗaya da rabi, a ruga kuwa inda rani ke cin jikinsu abin ya fi haka. Marainansu kuma sun fi tsawo da siranta, don haka tef yana rage musu daraja, abin da ya sa masu binciken shanun Nelore a Brazil suke haɗawa da tsawon marainan su fitar da girmansu gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki santimita 30 a wata 15 ya shiga ruga da ita zai dandaƙe garke kaf. Binciken da Peter Rekwot da abokan aikinsa suka yi a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a shekarun 1980, a kan Bunaji da ruwa-biyun Bunaji da Friesian, ya nuna cewa waɗanda aka ba abinci mai yawan furotin sun fi girman maraina da yawan maniyyi. Ke nan ƙaramar lamba a tef tana iya zama labarin yunwar rani, ba labarin jini ba. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce a kwatanta ɗan bijimi da sa'o'insa, irinsu ɗaya, abincinsu ɗaya, a auna su duk wata tun daga yaye, a ga wanda ke gaba da wanda ya tsaya. Sannan a kula da sa mai ƙiba: kitse yana taruwa a wuyan jakar ya ƙara lamba, kuma shi wannan kitsen yana hana marainan shan iska. Kumburin ciwo ma yana ƙara lamba, shi ya sa tef ba ya tafiya ba hannu.

Sai madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda shi kaɗai ne ke duba ƙwayoyin maniyyin da kansu. Ana samun maniyyin ɗan bijimin da bai saba ba ta hanyar na'urar lantarki da ake sakawa ta dubura, ko ta tausa da hannu ta nan ɗin, sai a ɗiga a kan gilashi mai ɗumi a duba nan take. Ma'aunin da aka fi bi shi ne aƙalla kashi 30 cikin ɗari su riƙa tafiya gaba, sannan a rina wani ɗigon a ƙirga ƙwayoyi 100 ɗaya bayan ɗaya, aƙalla 70 su kasance masu cikakkiyar halitta. Ƙirgar siffa ta fi duban motsi amfani, kuma ita ce aka fi tsallakewa saboda tana cin lokaci. Motsi abu ne mai saurin yaudara: gilashi mai sanyi da safiyar hunturu yana tsayar da ƙwayoyin lafiyayyen sa cak, ɗan fitsari ko ruwa a kwalbar ma haka. Siffa kuwa ba ta saurin canzawa don sanyi kamar motsi. Lanƙwasasshiyar wutsiya, kai mai siffar ƙwarya, kai da ya rabu da wutsiya, kowanne yana gaya wa gwani inda matsalar take da lokacin da ta faru.

Ga 'yan bijimai akwai wani abu na musamman. Wanda bai daɗe da balaga ba maniyyinsa cike yake da ƙwayoyi masu ɗan ɗigo a wuya, alamar ba su gama nuna ba, kuma yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin su ragu. Irin wannan ba a cewa ya faɗi. Ana ɗage hukunci ne a dawo da shi bayan wata biyu. Wahalar madubi ita ce yana buƙatar wurin matse sa, da na'urar tatsa, da lantarki, da mutumin da idonsa ya saba. Ba abin da za a yi a tsakiyar kasuwar Wudil ko Potiskum ba ne ranar da take ci.

Yanzu sikanin. Ana matse san, a wanke jakar, a shafa man da ke kore iska tsakanin fata da na'ura, a ɗora kan na'urar mai megahaz 5 zuwa 7.5, shi ne dai wanda ake duba cikin saniya da shi. A riƙe marainiya ɗaya a duba ta a tsaye da a kwance, sannan ɗayar. Lafiyayya tana fitowa toka-toka bai ɗaya, da wani farin layi siriri da ya ratsa tsakiyarta, inda ƙananan bututun ke haɗuwa. Ruwa yana fitowa baƙi. Tabo yana fitowa fari. Inda tabon ya daskare ya zama kamar alli, sai a ga fari fat da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Ƙurji kuma rami ne mai gefe, cikinsa a dagule. Aikin ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci, kuma tun 1988 aka gwada a Kanada aka ga ba ya taɓa ingancin maniyyi.

Abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne launin tokar yana canzawa da girma. Marainan maraƙi suna fitowa da duhu, sai su riƙa yin haske yayin da bututun cikinsu ke faɗaɗa suna cika da ƙwayoyin halitta. Kwamfuta tana iya ba kowane ɗigon hoton lamba, daga 0 baƙi wuluk zuwa 255 fari fat, ta fitar da matsakaici. Sai aka yi fatan cewa wannan lambar za ta faɗi ranar balaga tun kafin ta zo, har ma ta faɗi ingancin maniyyi ba sai an tatsa ba. Da hakan ya tabbata, da an huta da na'urar lantarki da madubi baki ɗaya.

Masanan jami'ar Saskatchewan da abokan aikinsu a Alberta, irin su Albert Barth, John Kastelic da Leonardo Brito, sun bi wannan fatan shekaru masu yawa da ɗaruruwan bijimai. A rahoton da Brito da abokansa suka fitar a 2012, hasken hoton ya fara ƙaruwa wata uku zuwa huɗu kafin balaga, ya kai ƙololuwa dab da ita. Wato na'urar tana ganin balaga da gaske. Sai dai ba ta fi tef iya hasashen ta ba, kuma alaƙar lambar da yawan maniyyi ko siffar ƙwayoyinsa ta fito da rauni, wani wurin ma ba ta fito ba sam. A wani gwajin da suka naɗe jakar bijimai da abin ɗumi da gangan don su ɓata maniyyin, canjin hoton ya fi dacewa da maniyyin da za a samu makonni biyu zuwa huɗu a gaba fiye da na ranar, abin da ya yi daidai da jadawalin kwana 61 ɗin nan, amma ko shi bai yi ƙarfin da za a yanke wa sa hukunci da shi ba. Matsayar da Kastelic da Brito suka ɗauka ita ce babban amfanin sikanin a asibiti shi ne fayyace ciwon da aka riga aka ji da hannu ko aka gani da ido.

Ga kuma matsalar da duk mai riƙe na'ura ya sani. Lambar tana canzawa idan ka murɗa maɓallin haske, tana canzawa idan ka ƙara danna kan na'urar a fata, tana canzawa daga wannan na'ura zuwa waccan. Santimita 32 a Zariya santimita 32 ce a Maraɗi. Lamba 120 a allon wannan likita ba ta da ma'ana a allon wancan, kuma babu wata lamba da duniya ta yarda cewa daga nan sa ya ci jarrabawa.

Fararen ɗigo-ɗigon tabo su ne suka fi jawo asara ta rashin sani, domin suna da ban tsoro a allo. Barth da abokansa sun ruwaito a 2008 cewa irin wannan tabon ya zama ruwan dare a 'yan bijimai, yana fara bayyana suna 'yan wata biyar zuwa shida, ya yi ta ƙaruwa har wata 12 zuwa 14, kuma bai tafi tare da lalacewar siffar maniyyi ba. Har masu tabo da yawa sun ba da maniyyi mai kyau. Tabon da ya cinye babban yanki zai rage yawan abin da ake haɗawa, wannan hankali ma ya ba da shi, amma ɗigo biyar ko goma ba hujjar kai sa mahauta ba ce. A ɗaya gefen kuma, sa na iya nuna hoto mai kyau sumul alhali rabin ƙwayoyinsa wutsiyarsu a naɗe take. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada wannan ya sa a raina na'urar, domin akwai inda babu kamarta. Jaka ta kumbura gefe ɗaya, hannu ba zai iya tantance ko ruwa ne ya taru, ko jini ne daga tunkuyi, ko hanji ne ya zubo, ko ƙurji ne a cikin marainiyar kanta ba. Sikanin zai raba su cikin minti biyar, kuma maganinsu ya sha bamban. Idan marainiya ɗaya ta lalace ana tunanin cire ta don a ceci ɗayar daga zafin kumburi, hoton ne zai nuna ko ɗayar tana da sauran amfani. Idan an ga ruwan mugunya a maniyyi, ana saka kan na'urar ta dubura a duba jakunkunan ruwan maniyyi da ke ciki. A yankin da sammore ya yi katutu ma tana da rana: aikin Victor Sekoni da abokansa a Zariya, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ya nuna cewa cutar tana lalata marainan shanun tozo, kuma lalacewar ba ta gushewa da zarar an yi allura jini ya wanke. San da ya tashi daga sammore, maniyyinsa ya ƙi gyaruwa bayan awo biyu, hoto zai taimaka a san ko a ci gaba da jira ko a turke shi don sallah.

Akwai kuma abubuwan da duk ukun ba sa gani. Bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana iya zama a jikin sa ba kumburi ba komai, gwajin jini ne ke kama ta, kuma cuta ce da ke kama mutane ta ɗanyar madara da taɓa mahaifar da aka yi ɓari. Cututtukan da sa ke ɗauka a kubensa ya raba wa shanu wajen barbara sai an wanko kuben an kai ɗakin gwaji. Sha'awar hawa kuwa da iya shigarwa sai an tsaya an kalla da ido. Sa mai ciwon ƙafar baya ko lanƙwasasshen gaba ya ci duk jarrabawar da ke sama amma ba zai ba ka maraƙi ba.

To wa zai zaɓi me? Mai shanu goma zuwa ashirin da zai sayi ɗan bijimi a kara, hannu da tef da duban haƙori da ƙafa sun ishe shi a ranar, tunda shekarun da dillali zai faɗa ba abin dogaro ba ne, kuma lambar tef ba ta da amfani in ba a san shekaru ba. Idan akwai sauran kuɗi, gwajin bakkale ya fi cancanta da su kafin san ya shiga garke. Gonar da ke renon bijimanta da kanta ta sa tef cikin aikin wata-wata, ta rubuta, sannan ta kira likita mai madubi wata biyu kafin lokacin saki, domin a samu damar sake awo ga waɗanda aka ɗage wa hukunci. Idan irin wannan gonar tana da kuɗin na'ura ɗaya tak, madubi mai kyau da na'urar tatsa su ne gaba da sikanin ta fuskar bijimai. Wadda ta riga ta sayi sikanin na miliyoyin naira don duba cikin shanu kuwa, ba laifi ta ɗora a kan bijiman, tunda ƙarin minti kaɗan ne, muddin hoton bai maye gurbin tatsa ba. Cibiyar tara maniyyi don ɗura wa shanu ba tare da hawan bijimi ba, ko mai shigo da Friesian ko Brahman mai tsada daga waje, shi ne ya kamata ya yi duka tun ranar farko, ya ajiye hoton a matsayin abin da za a kwatanta da shi idan wani abu ya taso bayan bazarar farko.

Idan mai sayarwa ya miƙo maka hoton sikanin a matsayin shaidar cewa sansa na barbara ne, ka tambaye shi lambar tef da ranar haihuwa da takardar ƙirgar ƙwayoyi 100, da ranar da aka yi ta. Idan kuma likitanka ne ya ga fararen ɗigo a san da kake so, ka ce masa ya tatsa kafin ku yi maganar fasa ciniki. In maniyyin ya fito tsaka-tsaki kuma san yaro ne, ku yi sharaɗi da mai shi a gaban shaidu cewa za a sake tatsa bayan kwana 60, a riƙe wani kaso na kuɗin har ranar, kuma in za a sake hoton, a yi shi da na'urar farko, a saitinta na farko.